Ɗan Farin Inna Yelwa

Shekara goma sha ɗaya Ya'u ya yi yana jan mota tsakanin Gagarawa da Gumel, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa ganin Inna Yelwa ta sa ƙafa a cikin mota ba. Bafulatana ce mai tallan nono, doguwa, tsufa ya fara ranƙwafar da ita. Kullum da hantsi takan taso daga rugarsu a ƙasa, ta sauke ƙwarya a gindin darbejiyar tasha, ta dama wa direbobi fura, in rana ta karkata ta koma inda ta fito. Ko ruwa ake tsugawa, in aka ce ta shigo a rage mata hanya, sai ta ce warin fetur juya mata kai yake yi.

Shi ya sa ranar wata Juma'a a tsakiyar damina, da ta wuce gindin darbejiyar ba ta sauke kaya ba, ta zo ta tsaya jikin motarsa, sai da kowa a tashar ya waiwayo.

"Direba, Gumel za ni."

Dogo, shugaban direbobin tashar, yana zaune a kan benci da asuwaki a baki. Abokin wasanta ne, kullum sai sun taɓa. Ya cire asuwakin ya ce, "Yau ake yinta! Inna Yelwa a mota? Wato kin gama shayar da mu ruwan rijiya da sunan nono, za ki je ki gwada wa Gumelawa?"

Da wata rana ce, da ta ce masa ai ko ruwan rijiyar ya fi ƙarfin bakin Kaɗo. Yau kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Man shanu zan kai. An ce ya fi daraja a can."

Ya'u ya karɓi ƙwaryar zai sa a but, sai ya ji ta sakayau. Faifan ya ɗan zame, ya hango abin da ke ciki: curin fura biyu, da nono a 'yar ƙaramar gora, da ludayi. Babu man shanu ko na shafa wa leɓe. Ya mayar da faifan ya rufe.

Nan take wani abu ya faɗo masa a rai. Jiya Alhamis ya kai 'yan kasuwa Maigatari, kamar yadda direbobin yankin suke yi duk ranar kasuwa. Yana tsaye kusa da kara, wajen cinikin dabbobi, ana loda shanu a tirela, wani bijimi ya tsinke igiya, ya matse wani Bafulatani a jikin ƙarfen motar. A gabansa aka kinkimi mutumin aka nufi Gumel da shi, ya ji ana cewa Sajo ne, na rugar bayan Sule Tankarkar. Ya'u ya zagaya ya tsuguna kusa da Dogo, ya raɗa masa labarin.

Dogo ya ajiye asuwakin a kan benci. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ai ɗanta ne, Ya'u. Ɗan farinta."

"Inna Yelwa tana da ɗa namiji babba? Ban taɓa jin ta ambata ba."

"Ba kuwa za ka ji ba. Tun da aka yaye shi aka ba kawunsa Baffa riƙo. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda ya zauna. Ni da idona na gani, wata shekara ya biyo ta tashar nan, ta juya baya tana gyara faifai har ya hau mota ya tafi."

Ya'u ya san alkunyar ɗan fari, don ko a gidansu mahaifiyarsa ba ta kiran yayansa da suna. Amma ta Fulanin daji ta wuce nan. Uwa ta nuna ta damu da ɗan farinta a gaban mutane, abin gori ne da za a yi ta yi mata har jikoki. Ke nan labari ya isa rugarsu tun jiya, ba wanda ya ce zai kai ta asibiti, ita ma ba ta da bakin cewa a kai ta. Ta kwana da abin a ciki, gari ya waye ta ƙirƙiro man shanu.

Matsalar ita ce layi. Dokar tasha ce, ba mai lodi sai layinsa ya zo, kuma mota ba ta tashi sai ta cika. Motar Abdulganiyu ce a kan layi, fasinja biyu kacal a ciki, ga shi Juma'a ba a cika tafiya da safe ba. Ya'u shi ne na uku. In aka bi ƙa'ida, sai azahar Inna Yelwa za ta ga Gumel.

Dogo ya yafito Abdulganiyu, suka yi ƙus-ƙus. Abdulganiyu ya kalli tsohuwar, ya ce, "Ya ɗauke ta su tafi. In ya dawo layinsa yana nan, ni zan tsare masa."

"Amma fa kada ta gane mun gane," in ji Dogo. "In ta gane, wallahi komawa za ta yi."

Ya laluba ƙarƙashin benci ya ɗauko wani tsohon kwali, ya naɗe shi da leda, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kai Ya'u! Ga saƙon gaggawa zuwa Gumel. Ka tashi yanzu ko da kujera ba kowa. Inna, kin taki sa'a, shiga ya rage miki hanya, kada man ya narke."

Ta shiga baya ta takure a jikin ƙofa, ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu. Suka hau kwalta. Gero ya yi kore shar dama da hagu, har ya fara fitar da kai, manoma sun duƙufa a gonaki. Ya'u bai kunna rediyo ba. Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Direba, an ce jiya kasuwa ta ci."

"Ta ci, Inna."

"An ce shanu sun yi ɓarna."

"Wani bijimi ne ya ƙwace."

"Allah ya kyauta." Suka wuce wani ƙauye. Sannan ta ce, kamar mai tambayar farashin gishiri, "Shi wanda ya bi ta kansa ɗin, yana magana?"

"Da aka ɗauke shi yana salati, Inna. Da bakinsa."

Ya'u ya ƙara taka totur.

Da suka shiga Gumel bai nufi tasha ba. Ya ce mata mai saƙon a asibiti yake aiki, ta yi haƙuri ya miƙa ya fito. Ya bar ta a mota, ya shiga ɗakin maza yana leƙa gado-gado, bai ga Sajo ba. Wata nas mai tabarau ta tare shi, ya yi mata bayani.

"Bafulatanin Maigatari? Ai sun tafi tun da sassafe," in ji ta. "Jini ne yake zuba ta ciki. Likita ya yi iya yinsa, ya ce a wuce da shi Kano yanzu-yanzu, shi kuma ya ce atafau gida za a kai shi, ya san abin da yake ji a jikinsa. Mun yi magiya har mun gaji. Kai ɗan'uwansa ne?"

"Direba ne ni."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To in ka san mutanensa na wajen Gagarawa, ka gaya musu su hanzarta. Tun da aka kawo shi tambaya ɗaya yake yi, wai ba wanda ya zo daga Gagarawa? Mun ce wa yake jira, ya ƙi faɗin suna."

Ya'u ya fito. Ya tarar Inna Yelwa ta fito daga mota, tana tsaye a rana ta ƙura wa ƙofar asibitin ido. A nan aikinsa ya ƙare, in don ta aiki ne. Gumel ta ce, ga ta a Gumel. Sule Tankarkar ba hanyarsa ba ce, bai ma san inda rugar take ba. Amma ya dubi yadda ta damƙe bakin zanenta, ya ji ba zai iya cewa ta sauke ƙwaryarta ba.

"Inna, an yi rashin sa'a. Mai saƙon ya koma Sule Tankarkar, dole in bi shi." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma na ji an ce man shanu ya fi tsada a can."

Ta dube shi, karo na farko tun safe ido cikin ido. Ya ga ta gane, ta kuma gane ya gane. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, mu je."

Ya koma gefe ya kira Dogo a waya. Da damina Fulani sukan matsa da shanu nesa da gonaki, don haka ko ita tsohuwar ba lallai ta san inda Baffa ya kafa bukkoki bana ba. Dogo ya ce ya ba shi minti biyar. Ya kira tashar Gumel, na Gumel suka kira na Sule Tankarkar, kafin Ya'u ya fita daga gari waya ta shigo. Wani direba ne mai suna Siddiq, shi ya ɗauko mara lafiyar da safe.

"Na sauke su a ƙarshen burji, suka ɗora shi a amalanke," in ji Siddiq. "Ba za ka gane hanyar ba, ta rabu gida uku. Ka same ni a bakin tasharmu."

"Ba lodi kake yi ba?"

"Na juye wa na bayana. Kai dai taho."

Suka same shi a kan aron babur, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu. Ya gaida tsohuwar, bai tambaye ta komai ba, ya shiga gaba suna bin sa. Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare, suka shiga wata siririyar hanyar shanu tsakanin gonaki. A wata fadama da ruwan shekaranjiya ya kwanta, motar ta nutse har gindi. Ya'u ya ba ta wuta, tayoyi suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna watsa taɓo. Siddiq ya tuɓe riga ya tura, ya kirawo manoma biyu suka tura, ko motsi.

Ya'u ya waiwaya zai ba Inna Yelwa haƙuri, sai ya ga ta riga ta fita. Ta buɗe but da kanta ta ɗora ƙwarya a ka.

"Bar min makullin," in ji Siddiq. "Ka ga tsamiyar can? Bayanta ne. Bi ta, kada ta isa ita kaɗai, ba za ta iya shiga ba."

Ya'u ya cire takalmi ya bi ta cikin taɓo. Tsohuwar da ya sani tana tafiya a ranƙwafe, yau sai da ya haɗa da sassarfa kafin ya cim mata.

Rugar bukkoki biyar ce. Maza suna zaune jugum a gindin tsamiya, a tsakiyarsu wani tsoho mai rawani, shi ne Baffa. Da suka hango wadda ke tafe, sai kallo ya koma kanta, wasu suka dubi juna. Inna Yelwa ta ja ta tsaya daga nesa. Ya'u ya yi sallama ya durƙusa.

"Baffa, ni direba ne daga Gagarawa. A gabana abin ya faru jiya, na ce bari in zo in duba jikin. Wannan kuma fasinjata ce, motarmu ta kafe a fadama. A taimaka mata da inuwa kafin a fito da ita."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Sannan ya nuna wata bukka da sandarsa, ya ce, "Nan maza ne. Inuwar da ta rage sai ta jikin ɗakin can."

Ɗakin da Sajo yake kwance ke nan. Ta je ta zauna a jikin bukkar daga waje, dab da ƙofa, ta ba ƙofar baya, tana fuskantar daji. Matar Sajo ta fito da mafici a hannu, ta ga surukarta, ta rufe fuska ta wuce. Ya'u ya sunkuya ya shiga, ya tsuguna a bakin ƙofa. In ya miƙa hannun dama zai taɓa mara lafiya, in ya miƙa na hagu zai taɓa uwar. Abin da ke tsakaninsu ciyawar bukka ce kawai.

Sajo mutum ne da ya haura arba'in, fuskarsa sak ta tsohuwar. Cikinsa ya kumbura, numfashinsa yana fita guntu-guntu.

"Wane ne?"

"Direba ne, daga Gagarawa."

Idanunsa suka buɗe sosai. "Kai kaɗai?"

"Da fasinja ɗaya. Tana nan waje."

A daidai lokacin awarwaron hannun Inna Yelwa suka yi ƙara. Sajo ya saurara. Sai ya yi ƙoƙari, da kyar, ya juyar da fuskarsa wajen bango, ya ja mayafi ya rufe ƙirjinsa. Ko a wannan hali bai yarda ya fuskanci inda take ba.

"Direba," muryarta ta shigo ƙasa-ƙasa, "tambayi mai ɗakin ko ya sa wani abu a cikinsa."

Ya'u ya maimaita, ko da yake ya san an ji.

"Ka ce mata na ƙoshi."

"Ka ce masa baƙo ba ya zuwa da abu a mayar masa."

Ya ji tana dama fura, ludayi yana bugun ƙwarya a hankali. Ta miƙo ta baya ba tare da ta waiwayo ba. Ya'u ya tallafi kan Sajo ya kai masa ludayin baki. Bai iya haɗiya ba, leɓensa kawai ya jiƙa, ya lasa, ya sake lasa. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne.

"Direba."

"Na'am, Sajo."

"Ka ce mata tafiya ta zo. In na taɓa saɓa mata, da sani ko ba da sani ba, ta yafe mini. Shi kaɗai nake jira."

Ya'u ya juya ya leƙa waje, ya faɗa mata kalma bayan kalma. Ita kuwa tana tsinkar ciyawa a gabanta tana yarwa. Can gindin tsamiya maza sun zuba mata ido. Ya'u ya ji kamar ya daka tsawa ya ce ku dubi juna mana, ku yi magana, lokaci fa ba ya jira. Amma wane shi? Baƙo ne a ruga, kuma abin da aka gina shekara arba'in ba direba ne zai rushe shi da tsawa ɗaya ba. Ya dai ce a hankali, "Inna, ana jira."

"Ka ce masa," ta fara, ta tsaya, ta sake farawa. "Ka ce masa wanda bai zauna da kai ba, ta ina zai saɓa maka? Ka ce masa ranar da aka ɗora shi a jaki za a kawo shi nan, yana ta kuka yana miƙo hannu, ni kuma ina daka ban ɗaga kai ba. Ka ce masa ƙarya nake yi. Da suka ɓace na ajiye taɓarya na bi su ta cikin dawa, ina laɓewa, har rafi. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ta goge hanci da bakin zane. "Duk Alhamis ina tambayar masu dawowa daga Maigatari farashin shanu. Ni me zan yi da farashin shanu? Ka ce masa ni ce mai neman yafiya. Nawa kuwa na yafe, duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka."

Ya'u ya juyo da sauri. "Sajo, ta ce..."

Fuskar tana nan wajen bango yadda ya bar ta, farar furar tana kan leɓe. Mayafin da ke kan ƙirji ya daina motsi. Ya'u ya sa hannu a wuyansa, ya kai kunne kusa da hancinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya matsa dab da kunnen mamacin, ya faɗi saƙon gaba ɗaya da murya sosai, tun daga jakin har rafi har albarkar, bai tsallake ko kalma ba. Da ya gama ya shafe masa ido, ya yi salati, ya fito ya yafito Baffa.

Mata suka fara kuka a sauran bukkoki. Inna Yelwa ba ta motsa ba. Da ya zo wucewa ta kama bakin rigarsa.

"Ya ji?"

Ya'u ya tsaya. Duk lokacin da take maganar ita yake kallo, bai san a wace kalma numfashin ya tsaya ba. Ciyawar bukka ba ta da kauri, amma muryar tsohuwar ma ba ta da ƙarfi. Wataƙila ya ji har ƙarshe, wataƙila tun tana tsinkar ciyawa ya tafi. Allah kaɗai ya bar wa kansa sani.

"Ya ji, Inna. Sai da na gama faɗa masa sannan ya cika."

Ta saki rigar.

Ya'u bai tafi ba. Shi da Siddiq, wanda ya iso dumu-dumu da taɓo bayan an fito da motar, suka karɓi diga suka taya haƙar kabari, suka sa kafaɗa a makara. Ana idar da la'asar aka rufe Sajo a gefen tsamiya. Baffa ya riƙe hannun Ya'u da hannu biyu ya daɗe bai saki ba, ya ce wa ƙanwarsa ta kwana. Ta ce a'a, akwai shanun da ba a tatsa ba. Idonta a bushe ta yi wa matan sallama, kamar wadda ta biyo hanya ta tarar da rasuwar wani.

Siddiq ya raka su ta wata hanya mai tudu har bakin kwalta, ya ɗaga musu hannu ya juya. Rana ta yi sanyi. Sun bar Sule Tankarkar a baya, ba gida ba mutum sai gonaki, ta yi magana daga kujerar baya.

"Direba, ka tabbata?"

Ya'u ya ƙara damƙe sitiyari, yana neman gafarar Ubangiji a zuci.

"Na tabbata, Inna."

Sai ta ja mayafi ta rufe kanta, kukan ya ɓalle, irin wanda ya daɗe a tsare, har kujerar tana girgiza. Ya'u ya miƙa hannu ya kautar da madubi gefe don kada idonsa ya faɗa kanta, ya rage gudu, ya bar motar tana tafiya a hankali har Gumel.